Garin da Kunnen Hagu Ya Kafa

Ranar Alhamis ce, da hantsi, makonni kaɗan bayan an rufe cinikin gyaɗa, 'yan shekaru kafin Faransawa su sauke tutarsu. Wurin kuwa bakin fadamar ƙauyenmu ne, gabas da Bande, ƙarƙashin wata tsamiya. Waɗanda ke wurin su ne mai gari da dattawa huɗu, da wani Nasara da ya zo bisa doki, da gardi, wato ɗan sandan da ya rako shi, da tsohon sojan da kowa ke kira Sarjan, da ni.

A lokacin ni ƙaramin mushe ne, wato malamin boko, a lakwal, makarantar Faransawa ta Magarya. Ba a karatu ranar Alhamis, don haka nakan ɗauki keke in zo gida, rabin hanya ina bisa keken, rabi ina tura shi cikin rairayi. Ba kewar gida kaɗai ke sa ni wannan wahala ba. 'Yar Sarjan nake nema da aure. Ita ta yarda, iyayena sun kai goro an karɓa, abin da ya rage shi ne uban ya sa rana, kuma bai sa ba. A wannan tsakanin saurayi ba ya cin abinci gaban uban yarinya, ba ya haɗa ido da shi, in ya hango shi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Musu kuwa babu shi sam. In tsohon ya ce yau Talata, to Talata ce har ya tashi daga wurin.

Sarjan ya je yaƙin Turawa ya dawo da lambar girma, da wani kwat mai nauyi da yake sawa ko da ana tsakar bazara, da kunnen hagu da ƙarar igwa ta kashe. Zancen kunnen kowa ya san shi, ba kuma wanda ke ɗauko shi. Tun da ya dawo, duk wata magana da ta haɗa ƙauyenmu da bariki ta bakinsa take bi. Faransancinsa na sojoji ne: tsaya, juya, kawo, maza. Ya kuma ishe shi shekara da shekaru, don yawancin abin da Nasara ke faɗa wa mutanen ƙauye bai wuce haka ba. Gonarsa ba ta fi ta kowa ba, awakinsa ma haka. Jin harshen nan shi ne abin da ya sa ake shimfiɗa masa buzu kusa da mai gari.

Ranar nan tafintan Nasaran ya kwanta ciwon ciki a Bande, gardin kuma ya ja dawaki ya kai su inuwa. Da Nasaran ya tambaya ko akwai mai jin Faransanci, Sarjan ya miƙe ya ƙame. Ni ina durƙushe a bayan dattawa, takalmina a hannu, kaina a ƙasa.

Nasaran ya bi gefen fadama yana soka wani dogon ƙarfe cikin ƙasa. In ya zare sai ya dubi abin da ya maƙale a tsinin, ya murza a tafin hannu, ya shinshina. A wuri na uku ya ɗebi ƙasar ya zuba cikin wata 'yar jaka, ya ɗaure, ya yi rubutu a littafi, ya kafa turken ƙarfe mai jan kai. Sannan ya dawo ya tsaya hagu da Sarjan, lofe a bakinsa, ya nuna turken ya ce, “Isi, da lo. Boku da lo.” Ya ƙara da cewa abin ba nisa, kamar gaba biyu ne a ƙasa, ƙauyen ya yi sa'a, kuma za a turo ma'aikata da kayan aiki.

A Faransanci ruwa shi ne lo. Zinariya kuwa lor. Tsakaninsu harafi ɗaya ne, shi ma a maƙogwaro ake yin sa.

Sarjan ya juya ga mai gari ya ce, “Ranka ya daɗe, ya ce akwai zinariya a nan. Da yawa. Gaba biyu a ƙasa.”

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi salati a hankali. Mai gari ya dubi turken, ya dubi Nasaran, ya ce a yi masa godiya. Nasaran ya ga fuskoki sun washe, ya ji daɗi, ya girgiza hannun kowa har da ni, ya hau dokinsa. Na buɗe baki sau ɗaya. Na tuna inda nake da wanda ya yi maganar, na rufe.

Na yi tsammanin zancen zai mutu da kansa kafin la'asar. Da na dawo Alhamis ta gaba sai na tarar da ramuka goma sha wani abu kewaye da turken, da rumfa guda inda wata tsohuwa ke sayar da dafaffen rogo. Mai gari ya hana a taɓa gindin turken kansa, ya ce wannan rabon gwamnati ne, amma duk wanda ke da fili a fadama ya haƙa nasa. Alhamis ta uku na tarar da mutanen Dungas da na Dogo-Dogo. Ta huɗu kuwa ga mutanen Ingilishi, wato 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka, daga Ɓaɓura da Maigatari, da jakunansu da tabarminsu. Bukkokin zana suka yi layi biyu, tsakaninsu hanya. Aka share masallaci aka kewaye shi da kara. Sunan wurin ma ya samu ba tare da an yi shawara ba. Mutane sun ji kalmar a bakin Sarjan, suka gyara ta yadda harshensu zai iya ɗauka, suka ce Loro. In ka tambayi mai jaki ina za shi, sai ya ce Loro, ya dube ka kamar kai ne baƙon duniya.

Abin da aka samu a kowane rami iri ɗaya ne. Da an kai gaba biyu, daidai yadda Nasaran ya faɗa, sai ruwa ya ɓulɓulo, fari, mai sanyi. Mahaƙa suka riƙa tsine masa. Mutum biyu na ciki suna haƙa, uku na sama suna kwarfewa da guga, in an je salla aka dawo ramin ya sake cika. Na tsaya bakin wani rami ina kallon wani mutumin Kwaya yana jiƙe har wuya yana cewa shi bai taɓa ganin ƙasa mai taurin kai irin wannan ba, kana neman arziki tana ba ka ruwa.

Na fara da mahaifiyata. Na same ta tana jiƙa wake, na zauna na bayyana mata lo da lor, har na maimaita mata su sau uku. Ta ce ita duk ɗaya ta ji. Ta ce mutumin da ya kwana cikin Nasaru shekara da shekaru ba zai zo ya koyi harshensu wurin wanda ya gan su a takarda ba, kuma in ina son auren in riƙe bakina. Waken na ƙosai ne. Tun mako na biyu take suya a Loro, ta ce kuma tun da take ba ta taɓa kwashe kasko a kan wuta mutane na jira a tsaye ba sai bana.

Sai na koma ga yarinyar. Da la'asar nakan same ta a ƙofar gidan gwaggonta, ƙawarta na gefe tana yi kamar tana saƙar faifai. Da na gama bayani ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce in sake faɗar kalmomin biyu. Na faɗa. Ta ce ta biyun kamar mai shirin tofar da kaki. Sannan ta daina dariya ta ce, “Mushe, in ka faɗa wa Baba gaban mutane, ka nemi wata.”

Na ce in na faɗa masa a keɓe fa.

“Kai da ba ka iya ɗaga kai gabansa? Ƙasa za ka faɗa wa.”

Ta ce in bar mata. Alhamis ta gaba ta kawo mini amsa. Ta kai masa fura, ta ce wai ta ji wasu 'yan lakwal na cewa kalmar zinariya da ta ruwa kusan ɗaya suke a Nasarance. Ya sha furarsa ya aje ludayi. Ya ce ta tsaya ta yi tunani. Wace mace ce a ƙauyen nan ba ta san akwai ruwa a fadama ba? Jakuna ma sun sani. Mutum zai baro ƙasarsu, ya hau jirgin ruwa, ya hau mota, ya hau doki, don ya zo ya shaida wa mutanen fadama cewa akwai ruwa a fadama? Kuma wa ya taɓa ganin an ɗaure ruwa cikin jaka an tafi da shi?

Na koma Magarya ina tura keke ina juya wannan hujja, ban kuma sami inda zan kama ta ba. Har na fara tuhumar kunnena. Lofe na bakin mutumin, ni kuma ina baya, kaina a ƙasa. Washegari na yi wa ɗalibaina shifta, na sa kalmomin biyu cikin jimla ɗaya, na faɗe ta da alli tsakanin haƙorana. Ba wanda ya rikita su. Direktan lakwal, wani mutumin Dahome, da na ba shi labari ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce ya san Nasaran, ma'aikacin rijiyoyi ne, ba ya gane zinariya ko da a yatsan matarsa. Ya ba ni shawara in rubuta wa mai gari wasiƙa ba suna. Na ce in ta isa, mutum ɗaya ne a ƙauyen zai karanta ta, kuma ni ne.

Loro kuwa sai cika take. Mahauta suka kafa tukuba biyu. Wani tela ya ɗauko kekensa a kan raƙumi daga Magarya ya zauna ɗinka 'yan jakunkuna irin ta Nasaran, masu zare a baki, don kada zinariya ta zo ta tarar da mutum ba shiri. Ya sayar da su kaf. Na ga dattijai da su rataye a wuya, fayau, ƙarƙashin riga. Maƙerin ƙauyenmu ya daina ƙera hauya, sai dagi. Wani mai shayi ya zo da tebur da benci, abin da ba a taɓa gani ba a yankin, ya kuma raɗa wa rumfarsa suna Bariki. Masu sana'a ɗaya kaɗai suka yi asara, wasu 'yan ga-ruwa uku da suka ji labarin sabon gari suka taho da tulunansu. Sun kwana biyu suka juya.

A wata na biyu wani dogon mutum ya iso daga Ingilishi, ya ce ya yi aikin kuza a Jos, ya kuma ga yadda ake wanke zinariya a ƙasar Zamfara. Shi ya kwantar wa mutane da hankali game da ruwan. Ya ce ai alheri ne, a wasu wurare sai an ɗauki ƙasa a kai an yi tafiyar yini kafin a sami ruwan wanke ta, mu kuwa Allah ya haɗa mana duka a rami ɗaya. Ya koya musu rairaya: a zuba ƙasa a ƙwarya, a sa ruwa, a riƙa juyawa har mai nauyi ya kwanta a gindi. Cikin kwana uku babu ƙwaryar kirki a gidajen ƙauyen. Mata suka riƙa bin mazansu har bakin rami suna karɓar abinsu, ana ja-in-ja, wani ya ce ta bari ya gama wannan juyin kaɗai.

Akan ga wani ƙyalli-ƙyalli a gindin ƙwarya, siriri kamar ɓawon albasa. Aka tara shi cikin tsumma, aka aika Damagaram aka ɗauko wani maƙerin fari, mai ƙera wa mata zobba da 'yan kunne. Aka sauke shi gidan mai gari, aka yanka masa kaza. Da safe ya buɗe tsumman gaban jama'a, ya duba, ya hura. Abin ya tashi ya bi iska. Ya dubi fuskokin da ke kewaye da shi, ina jin kuma ya tuna da kazar, sai ya ce wannan ba ita ba ce, amma irin abin da kan riga ta fitowa ne, a ƙara nisa. Ya kwana uku ya tafi. Aka ƙara nisa.

Sarjan bai haƙa da hannunsa ba. Ya ba 'yan uwansa filinsa na fadama suka yi masa ramuka tara. Shi aikinsa zagaye ne. Da safe sai ya sa kwat, ya liƙa lambarsa, ya bi layi yana duba ramuka, yana sa a tokare bakinsu da itace, yana raba faɗan iyaka. Gaskiya ita ce ya iya. Ya hana a haƙa rami kusa da rami, ya sa aka kewaye waɗanda aka bari da ƙaya, kuma duk tsawon zaman Loro ba wanda ƙasa ta rufta wa. Jaki ɗaya ne ya faɗa, aka fito da shi da igiya yana ta kuka, ya sha ya ƙoshi. Ban taɓa ganin tsohon cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Baƙi na durƙusa masa, suna nuna shi da baki suna cewa shi ne wanda Nasara ya faɗa wa. In na je gaishe shi sai ya ce da ni, “Yaro, ana nan ana aiki. In kaya suka zo aka fara fitarwa, sai mu zauna kan zancenka.” Ni kuma in ce, “To, Baba.”

Mutum ɗaya ne ke faɗa masa abin da ya ga dama, wani tsohon Bafillace mai kiwo a yankin. Kakannin Sarjan Barebari ne, don haka akwai wasa tsakaninsu. Kullum da azahar sai ya koro shanunsa zuwa ramukan da aka bari, ya ɗebo ya shayar, ba layi ba faɗa. In ya hangi Sarjan sai ya ɗaga sanda ya ce, “Babarbare, Allah ya ƙara maka zinariya. Shanuna sun gode.” Sarjan ya ce masa ranar da aka fara awo ko ƙurar ba zai shinshina ba.

Kaya suka zo ƙarshen bazara, ranar Lahadi, ina gida. Wata kamyo ce, babbar motar kaya, ta taho tana nishi cikin rairayi, yara da manya na tura ta. Aka sauke buhunan siminti, da sandunan ƙarfe, da wasu manyan zobba na ƙarfe da mutum zai iya tsayawa cikinsu. Magina huɗu suka diro. Dogon mutumin Jos ya zagaya zobban ya ce ya san su, bakin injin wanke ƙasa ne. Duk Loro ta bar ramuka ta taru gindin tsamiya. Direban ya miƙa wa mai gari takarda mai hatimi, mai gari ya miƙa wa Sarjan. Sarjan na jin Faransanci amma ba ya karanta shi. Ya juya takardar, ya ɗaga kai yana duba cikin taro, ya ce, “Ina yaron nan mushe?”

Na fito na tuɓe takalmi. Na duba takardar tun kafin in durƙusa. Layi shida ne. An turo magina su gina rijiyar siminti a inda aka kafa turke, mai gari ya ba su masauki da mutanen da za su taya su. Kalmar ruwa ta fito sau uku. Maginan na tsaye a gefe, Hausawa ne, ko na yi ƙarya kafin magariba sun faɗi abin da ya kawo su. Can bayan taron na hango yarinyar da ƙwaryar fura a kai, ta daina tafiya.

Na ce, “Baba, ni karatu na iya. Fassara taka ce.”

Na zagaya na durƙusa dama da shi. Wannan ne karo na farko da na kusance shi haka. Na karanta da Faransanci, da ƙarfi, kalma bayan kalma, kamar ina yi wa 'yan aji ɗaya shifta. Da na zo kan lo na buɗe baki na bar ta ta fita ita kaɗai, ba komai a bayanta. Na zo ta biyu na yi haka. A ta uku na ji numfashinsa ya canza.

Ya ce, “Sake.”

Na sake daga farko.

Ya dubi turken. Sannan ya gyara kwat, ya ƙame kamar ranar farko, ya fuskanci mai gari ya ce, “Ranka ya daɗe, gwamnati ta ce ruwa. Rijiya za a gina mana. Waɗannan magina ne.”

Wani daga baya ya tambaya, zinariyar fa.

Sarjan ya ce, “Babu. Ranar nan ta hagu Nasaran ya tsaya mini.”

Na ji wani rami na kusa yana tsiyaya. Sai Bafillacen ya yi gyaran murya daga inda yake jingine da sandarsa, ya ce shi dama ya san Babarbare in ya yi alkawarin zinariya, a je da guga. Wata mata ta fara dariya, ta kasa tsayawa, abin ya bi taron kamar wutar kara. Wasu ba su yi dariya ba. Mutumin Kwaya ya cire jakar wuyansa ya jefa a ƙasa, ya ce ya bar gonarsa ba shara wata uku. Sarjan ya tsaya ya saurare shi har ya gama, ya ce yana da gaskiya, ya ba shi haƙuri. Mai gari ya ce a tashi a yi salla.

Loro ta watse da sauri fiye da yadda ta taru. Mai shayi ne ya fara, ya ɗaure tebur da benci a kan jaki tun kafin gari ya waye sosai. Telan ya bi shi. Mutumin Jos ya kwana biyu yana bayyana wa duk mai saurare cewa dabarar Nasara ce, sun ga abin ya yi yawa ne suka ce ruwa don su kwashe su kaɗai, za kuma a gani, ta cikin rijiyar za su bi. Mutum shida ko bakwai suka yarda da shi, suka zauna suna gadin maginan, suna leƙa kowane guga da aka fito da shi. Maginan suka ga sun sami masu taya su ba tare da sun roƙa ba, suka miƙa musu igiya. Bayan kwana tara aka yi ruwan shuka. Washegari ba kowa a layukan. Mutane sun kwashe zanansu da itatuwansu, sai murhu da toka da fasassun ƙoruka. Mahaifiyata ta dawo da kaskonta gida, ta ce da na ƙara haƙuri mako biyu da ta sayi tunkiya ta biyu. Na tuna mata ba ni na turo kamyo ba. Ta ce ai ni na karanta.

Sarjan ya yi mako bai fita ba. Ranar Alhamis ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, ba kwat, yana gyaran ƙotar hauya. Na durƙusa bakin ƙofa. Ya ce in shigo, in koma dama.

“Ranar tsamiya, me ka ji?”

“Ruwa, Baba.”

“Tun ranar?”

“Tun ranar.”

Ya ci gaba da feƙe ƙotar. Ya ce a soja, wanda ya ga abu ya faɗa ba daidai ba ana yi masa faɗa, wanda ya gani ya yi shiru kuwa ɗaure shi ake. Ya ce wata uku yana yawo da lamba a ƙirji, mutane sun bar gonakinsu, ni kuma ina zuwa duk mako ina durƙusawa ina ce masa to Baba.

Can ya ce, “Da ka faɗa a ranar, gaban mai gari, da ban ba ka ita ba.”

“Na sani, Baba.”

“To ka gani.”

Ya hura ƙurar itacen daga gwiwarsa. Ya ce yana da ramuka tara a fadama, shi ya sa aka haƙa su, amma ni na bari aka haƙa. Hutun lakwal ya kusa. In cike su da hannuna, ba ɗan taya, ranar da na rufe na ƙarshe in zo ya sa rana. Na tashi zan fita sai ya ƙara da cewa in bar na kusa da hanya, Bafillacen nan ya saba da shi.

Cike rami da damina aiki ne da ban yi wa kowa fatansa. Ƙasar da aka tara a baki ruwa ya baje ta, sai na bi ta da kwando. Yarinyar kan biyo ta wurin da rana ita da ƙawarta, ta aje mini fura a inuwa, ta leƙa ramin ta tambaye ni ko na ga wani abu mai ƙyalli. Dattawa in sun wuce sukan yi mini barka da aiki da murya mai ladabi ƙwarai, sai sun yi nisa in ji dariyarsu. Sarjan bai zo ko sau ɗaya ba, amma ya san lissafin. Buzunsa na nan kusa da mai gari. Abin da ya sauya kawai, in baƙo ya zo daga bariki, Sarjan kan zagaya da kansa ya sa mutumin a damansa, ya kuma ce masa ya cire abin da ke bakinsa.

Na rufe rami na takwas kwana biyu kafin a koma lakwal. An ɗaura auren bayan an yanke gero. Wasu masu filaye ba su cike nasu ramukan ba, da rani suka shuka albasa da rake a bakinsu, kuma shekarar da ta biyo baya ƙauyenmu ya fara kai rake kasuwar Bande.